Kafin Ka Sayi Oksijin Sensa, Ka Bari Wayarka Ta Tambayi Motar

Yau ba maganar fashewar sikirin ko wayar da ta faɗa ruwa na zo da ita ba, maganar mota ce. Amma kar ka wuce tukuna, don wayar da ke hannunka ce za ta yi rabin aikin. Idan kai direba ne, ko gidanku akwai tsohuwar Sienna ko Sharan ko HiAce da ake neman abinci da ita, to da kai nake. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, motar da ta fara shan mai fiye da ƙima ko take shaƙewa a hanya, kai tsaye kuɗin cefane take taɓawa.

Ka san yadda abin yake tafiya. Fitilar cek injin ta kama a dashbod, a kai motar wajen mai kwamfuta, ya jona na'urarsa minti biyu, ya ɗago kai ya ce "oksijin sensa ne, a sayo sabo." A sayo, a ɗaura, a goge fitilar, kowa ya yi murna. Bayan kwana uku fitila ta dawo, mota tana nan yadda take, kuɗi kuma sun tafi.

Ni mai gyaran waya ne, ba bakanike ba, kuma wannan abin na san shi ne daga teburina. Kullum sai wani ya kawo waya ya ce "batir ne ya mutu, canza min." In na duba sai in tarar datti ne ya cika ramin caji, ko fleks ne ya tsage. Akwai ma wayoyin da za su rubuta maka cewa sun dakatar da caji saboda batir ya yi sanyi da yawa, alhali muna tsakiyar watan Afrilu a Kano, rana tana neman narka kwalta. Batirin lafiyarsa ƙalau, wani ɗan mitsitsin abu mai auna zafi ne ya lalace yake faɗa wa wayar ƙarya. Wani lokacin kuma abin awon gaskiya yake faɗa, batirin ne da gaske yake zafi saboda wani wuri a bod yana jan wuta. Saƙo iri ɗaya, ciwo daban. Aikin mai gyara shi ne ya gano ko mai kawo rahoton ƙarya yake yi ko gaskiya, kafin ya taɓa aljihun mutum.

Oksijin sensa ma mai kawo rahoto ne kawai. An ɗaura shi a jikin bututun salansa, yana shinshina hayaƙin da ke fita, yana faɗa wa ƙwaƙwalwar mota, wadda kanikawa ke kira biren bos, ko iskar oksijin ta rage da yawa a cikin hayaƙin ko ba ta rage ba. Injin fetur yana son haɗin iska kashi 14.7 da mai kashi 1 bisa nauyi. Idan oksijin ya yi yawa a hayaƙi, ma'ana mai ya yi kaɗan, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara tsawon lokacin da injekta ke buɗewa. Idan ya yi kaɗan, sai ta rage. Haka suke ta yi ba tsayawa muddin inji yana aiki. Ba sabon abu ba ne, kamfanin Bosch ne ya fara fito da shi a motocin Volvo tun 1976. Sensa na gargajiya yana ba da wuta tsakanin volt 0.1 da 0.9, yana hawa yana sauka, kuma ba ya fara magana sai ya yi zafi sama da digiri 300, shi ya sa ake sa masa hita a ciki.

To ina wayarka ta shigo? Akwai wata 'yar na'ura da ake kira ELM327, ba ta fi akwatin ashana girma ba sosai, ana samunta wajen masu sayar da kayan wutar mota da kasuwannin intanet. A ƙarƙashin sitiyari, ɓangaren direba, akwai soket mai ramuka 16, sunansa OBD2. Ka cusa ta a nan, ka murɗa makulli fitilun dashbod su kama, ka buɗe Bluetooth a wayarka ka haɗa. In ta tambayi lamba, yawanci 1234 ne ko 0000. Sai ka sauke manhajar Torque Lite ko Car Scanner daga Play Store. Mai iPhone ya kula, irin mai Bluetooth na gama-gari sau da yawa ba ya haɗuwa da ita, sai ya nemi mai Wi-Fi ko wanda aka rubuta yana aiki da iPhone. A cikin masu arha, ni dai waɗanda aka rubuta wa v1.5 sun fi ba ni haɗin kai da tsofaffin motoci fiye da masu v2.1, duk da lambar ta biyun ta fi girma.

Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wannan soket, don haka kowace Sienna tana da shi. Masu fetur da aka yi don Turai kuwa daga wajen 2001 ya zama dole. Sharan ɗin da ta girmi haka za ka iya ganin soket ɗin amma na'urar ta kasa fahimtar yarenta.

Abu na farko da kowa ke gudu ya duba shi ne lambar matsala, kod. Kuma a nan ake yin asara. P0171 ba ya nufin sensa ya mutu. Abin da yake cewa shi ne, mai ya yi kaɗan a haɗin ɓangare na ɗaya na injin, na ƙara har na gaji. P0174 haka yake cewa game da ɓangare na biyu. P0172 kuma akasin haka ne, mai ya yi yawa. Duk waɗannan sensa ne ya kawo labarinsu, shi ya sa wasu ke ɗora masa laifi. Kod ɗin da ke nuna jikin sensa ɗin kai tsaye daban ne, kamar P0135, hitar sensa ta gaba, ko a Toyota irin su P1135 da P1155. Ko waɗannan ma, fiyus da ya ƙone ko waya da ta goge a jikin salansa ta narke suna iya kawo su.

Abin da ya fi kod amfani yana wani shafin na manhajar, inda ake ganin lambobi suna motsi yayin da inji ke aiki. Ka nemo guda biyu, STFT da LTFT. Dukansu suna nuna kashi nawa cikin ɗari ƙwaƙwalwa take ƙara mai ko rage shi a kan abin da ta saba bayarwa. Na farko na yanzu-yanzu ne, yana ta rawa. Na biyu shi ne abin da ta koya ta riƙe na tsawon lokaci. Alamar ƙari na nufin tana ƙara mai, alamar ragi tana ragewa. Ka haɗa su biyun. Idan jimillar ba ta wuce 10 ba, sama ko ƙasa, ba wani abin tashin hankali. Idan ka ga 20 ko 25, akwai magana.

Yanzu ga dabarar da ta fi komai a wannan rubutun. Ka bari inji ya yi zafi sosai. Ka rubuta lambobin yayin da mota take tsaye inji na aiki a silo, ba a taka totur ba. Sannan wani ya taka totur ya riƙe shi a wajen 2500 na kamar minti ɗaya, ka sake rubutawa. Idan ƙarin man yana da yawa a silo amma ya sauko da aka taka, iska ce take shiga ta ɓarauniyar hanya, ta wani tiyo da ya tsage ko gasket da ya saki. Dalili kuwa a silo inji iska kaɗan yake ja, don haka 'yar ɓarakar tana da tasiri, amma da ya buɗe baki sai ta zama ba komai ba. Idan kuma a silo lafiya lau, sai an taka ko ana hawan tudu da lodi lambar take tashi, to mai ne ba ya isowa, famfon mai ya gaji ko matacin mai ya toshe, ko kuma sensar da ke auna iskar shiga ta yi datti tana ƙirga ƙasa da abin da ke wucewa.

Kawuna yana da Sienna ta 2002, da ita yake lodin Kano zuwa Kaduna, kuma da ita yake riƙe da gida mai mutum tara. Bara da hunturu motar ta fara mutuwa a cunkoso, in ya sa giya zai tashi sai ta yi kamar ta shaƙe, sai ya danna totur da ƙarfi take amsawa. Fasinja kuwa ba sa son motar da ke mutuwa a hanyar da kowa ke fatan ya wuce da rana tsaka. An riga an canza masa sensa ɗaya bai ga canji ba, an ce na biyun ma ya mutu, ya kawo kuɗi. Ranar da ya zo gidanmu yana lissafin wanda zai ranta masa, na ce, "Kawu, ka ba ni makullin minti ashirin." Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, mota fa ba Tecno ba ce." Na ce na sani, kallo kawai zan yi, ba zan kwance komai ba.

Kod biyu na gani, P0171 da P0174. Tun daga nan na fara shakkar maganar sensa. Injin wannan motar mai silinda shida ne, uku a baya wajen dashbod, su ne ɓangare na ɗaya, uku a gaba wajen lagireto, kuma kowane ɓangare da nasa sensa. Shaidu biyu da ke zaune wuri daban-daban, ɗaya ma sabo fil, suna faɗin magana ɗaya. Ya fi kusa da hankali a ce gaskiya suke faɗa, kuma matsalar tana wurin da ɓangarorin biyu suka yi tarayya. A silo lambobin sun haura 20 a duka biyun, da ƙanina ya riƙe totur suka sauko ƙasa da 10. Muka buɗe bonet na haska da fitilar waya. Babban tiyon roba da ya taso daga akwatin matacin iska zuwa bakin inji, ta sama lafiyarsa ƙalau. Da na lanƙwasa shi kaɗan sai ga tsaga a cikin lanƙwasar ƙasa, yatsa zai shiga. Tana bayan sensar auna iska, wato duk iskar da ta bi ta nan ba a ƙirga ta, ga ƙurar hunturu tana shiga inji ba tacewa. Kuma duk lokacin da aka sa giya inji ya ɗan motsa a kan kujerarsa, tsagar sai ta ƙara buɗewa, shi ya sa take shaƙewa daidai lokacin tashi.

Washegari muka je gareji tare. Ban je da kurin na fi kowa sani ba, na miƙa wa bakaniken wayar na ce, "Oga, don Allah duba wannan ka gani, ko ni ne ban fahimta ba." Ya duba hotunan lambobin, ya taɓa tiyon, ya aiki yaronsa Ƙofar Ruwa ya sayo wani. Ya kuma ciro sensar auna iskar ya fesa mata maganin wanke kayan wuta. Wannan sensa tana da wasu siraran wayoyi a ciki, feshi kawai ake yi a bari ta bushe, ba a goga mata tsumma ko burushi. Kuɗin da aka kashe bai kai rabin na sensa ɗaya ba. Kawu ya yi lodinsa kwana biyu, na sake jonawa, lambobin suna wasa tsakanin 3 da 6.

Kar ka ɗauka ina cewa sensa ba ya mutuwa. Yana mutuwa, musamman a motar da ta haura shekara ashirin. A manhaja za ka iya ganin wutarsa kamar zane. Sensa na gargajiya mai lafiya, a inji mai zafi, zanensa yana hawa da sauka ba hutawa. Wanda ya tsufa yana yi a hankali kamar mai jin barci. Wanda ya mutu yana tsayawa wuri ɗaya, ko an taka totur an saki ba ya motsi. Sai dai ka yi hattara da Toyota na shekarun 2000 zuwa sama, da yawansu sensar gaba wani iri ne daban, mai auna haɗin iska da mai dalla-dalla. Shi ba ya rawa, yana zama kusa da volt 3.3, wasu manhajojin kuma su nuna shi wajen 0.66. An sha yanke wa lafiyayyen sensa hukuncin mutuwa saboda rashin sanin wannan. Kuma bakin zarensu ɗaya da na gargajiya, zai ɗauru tsaf, amma ba zai yi aiki ba. Ka sayi wanda lambar jikinsa ta dace da motarka, ba wanda ya yi kama ba.

Hitar sensa kuwa, duk mai mita zai iya gwada ta. Ka cire soket ɗin bayan salansa ya huce, ka nemi wayoyi biyu masu launi ɗaya, a Denso baƙaƙe ne, a Bosch farare. Ka sa mita a ohm. Idan ta nuna 'yar lamba ƙarama, hita tana da rai. Idan ba ta nuna komai ba kamar ba ka taɓa ba, ta yanke, wannan kam sai sabo. Abokan sana'ata, na san hannunmu yana ƙaiƙayi da mun ga waya ta yanke, amma ba a liƙa wayar jikin sensa da dalma. Ba ta kamawa da kyau, kuma wasu sensocin ta cikin rigar wayar suke shaƙar iskar waje da suke kwatanta hayaƙi da ita. Matsewa ake yi da ɗan ƙarfen haɗi. Wankin sensa da fetur ma ɓata lokaci ne. In ka ga sabon sensa yana saurin mutuwa, ka bincika ko inji yana ƙona baƙin mai, ko ruwan lagireto yana shiga silinda, ko an lafta gam ɗin silikon wanda bai dace ba a wajen gasket, duk suna kashe shi. Haka nan ɓaraka a salansa kafin wurin sensa tana jawo iskar waje, sensa ya ce mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta yi ta zuba mai, filogi ya yi baƙi, tanki ya yi ta zurarewa.

Maganar injekta ba ta da tsawo sosai. Idan silinda ɗaya ce take tsallake wuta, kod zai faɗa maka wacce, P0301 ta ɗaya, P0304 ta huɗu, haka dai. Kafin a zargi injekta, a yi abin da muke yi a shago in muna shakkar sikirin, mu gwada shi a wata wayar. A musanya koyil ɗin wannan silinda da na maƙwabciyarta. Idan kod ya bi koyil ya koma can, an kama mai laifi. Idan ya tsaya, a musanya filogi. Idan har yanzu ya tsaya, sannan a juyo kan injekta. Ka ɗora bakin dogon sukudireba a jikinta, ka kara marikin a kunnenka, mai aiki tana ƙas-ƙas-ƙas a jere. Da mita kuma yawancinsu suna nuna tsakanin ohm 12 da 16, kuma ya kamata dukansu su yi kusa da juna. Wadda take ƙara kuma mita ta ce lafiya tana iya zama a toshe, wannan sai wajen masu injin wanke injekta, inda za a jera su a ga feshin kowacce da ido. In fitilar cek injin tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, kar ka ce bari in ƙarasa Zariya, ɗanyen mai ne ke zuba cikin salansa.

Abin da ke toshe su kuwa ba ɓoyayye ba ne. Man galan na 'yan bumburutu da ba ka san inda ya kwana ba, da kuma yawo kullum da allurar mai a ƙasa. Na san ba don so ba ne, tsada ce ta sa ake sayen na dubu biyar-biyar. Amma famfon yana cikin tanki ne, man da ke kewaye da shi ne yake sanyaya shi. Kuma layin mai yana riƙe da ƙarfin da ya kai wajen bar 3 ko bayan an kashe mota, don haka kwance shi aikin bakanike ne, ba na mai sigari a baki ba.

Akwai wasu abubuwa biyu da ake yi wa motoci a nan da wayarka za ta tona. Na farko cire tamostat, wai ƙasarmu da zafi. Ka duba zafin ruwan inji a manhaja bayan tafiyar minti goma sha biyar, ya kamata ya zauna tsakanin digiri 80 da 95. Idan yana yawo a 60, ƙwaƙwalwa tana ɗauka har yanzu inji bai gama ɗumi ba, tana ba shi mai irin na safiya duk yini. Wani zai canza sensa uku bai san abin da ke shanye masa mai ba kenan. Na biyu abin nan da ake kira indomi, matacin hayaƙi da ke cikin salansa, wanda ake fasawa a sayar. In babu shi, sensar baya za ta riƙa kwaikwayon ta gaba, sai kod P0420 ya fito. Sabon sensa ba zai kashe wannan fitilar ba. Mai shirin sayen Beljiyam ya tafi da na'urar nan a aljihu.

In kuma motarka tsohuwar Toyota ce mai injekta da ta girmi OBD2, duba cikin bonet za ka ga ɗan akwati da aka rubuta DIAGNOSIS. A haɗa ramin TE1 da E1 da guntuwar waya, a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, fitilar cek za ta fara ƙiftawa. Ƙifta biyu, ɗan shiru, ƙifta ɗaya, 21 kenan, layin oksijin sensa. 25 mai ya yi kaɗan, 26 ya yi yawa. Ka ɗauki bidiyon fitilar da wayarka ka ƙirga a natse, ido yana ruɗewa. Mai tsohuwar bas ta kafireta kuwa, yawanci babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a motarsa.

Duk abin da ka gani, ka ɗauki hoton sikirin kafin kowa ya danna goge kod, har da shafin Freeze frame, wanda ke nuna gudun mota da zafin inji a daidai lokacin da fitilar ta kama. Gogewa tana share wannan, kuma a motoci da yawa cire kan batir yana mayar da LTFT sifili, sai mota ta yi kamar ta warke na kwana biyu. In za a gwada a kan titi, wani ya riƙe wayar, kai ka riƙe sitiyari. In kun gama ka zare na'urar daga soket, domin wurin yana da wuta ko an cire makulli, kuma masu arhar nan suna iya shanye tsohon batir in mota ta yi kwanaki a ajiye.